Bashin Da Ba Ya Jin "A Yi Haƙuri"

 Sharhinmu na yau a kan bashi ne, musamman ranar biyansa, da abin da ke biyo baya idan ranar ta zo ta wuce mutum bai mayar da kuɗin mutane ba.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai shago a Tudun Wada yana da littafin da yake rubuta masu karɓar shinkafa da sabulu zuwa ƙarshen wata. Manomi a Nahuce yana karɓar taki da damina, ya biya da buhun waken soya idan kaka ta yi. Iyayenmu mata suna da adashinsu, kowace ta san ranar zubi da ranar kwasa. Duk waɗannan basussuka da muka tashi muka tarar, tsakanin mutum da mutum ake ƙulla su. Idan wa'adi ya cika hannu bai kama ba, sai ka ɗauki ƙafa ka je ka durƙusa ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ƙara mini mako biyu, kasuwa ce ta yi nauyi." Wataƙila ya yi faɗa, wataƙila ya ce Allah ya hore. In abin ya yi tsanani a nemi liman ko mai unguwa ya shiga tsakani. Ko da ya fusata, ya san mahaifinka, ya san ƙofar gidanku, ya kuma ji labarin abin da ya same ka.

Yanzu wani irin bashi ya shigo mana wanda na'ura ce ke riƙe da lissafinsa. Ita kwanan wata kawai ta sani. Ba ta da labarin cewa an kwantar da ɗanka a asibiti, ko albashi bai shigo ba, ko hanyar Funtuwa ta ƙi biyuwa a makon nan.

Uban wannan irin bashi shi ne katin bashi na banki. Katin da mafi yawanmu ke miƙa wa mai POS kuɗinmu ne a cikinsa, idan asusu ya bushe katin ya tashi daga aiki. Shi kuwa katin bashi, da kuɗin banki kake sayayya, ƙarshen wata a kawo maka lissafi. Idan ka biya duka cikin wa'adi, yawanci babu kuɗin ruwa a kan sayayyar. Idan ka biya ɗan abin da suka ce shi ne mafi ƙaranci, ragowar za ta fara tara ruwa, wata mai zuwa kuma a ɗora ruwa a kan ruwan. Idan ranar ta wuce ba ka biya ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba, sai tara ta hau. A Amurka, inda wannan kati ya zama ruwan dare, bashin da ke kansa ya haura dala tiriliyan 1 a shekarar 2023, kuɗin ruwansa kuma ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. A can, wanda ya makara da kwana 30 ana kai sunansa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, kuma tabon yakan zauna shekara 7. Mai ba da gidan haya yana dubawa, mai sayar da mota yana dubawa.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kwatarkwashi da katin Amurkawa? Gaskiya ne, bankunan Najeriya suna ba da shi, amma galibi ga masu albashi mai kauri da manyan 'yan kasuwa, kuma masu riƙe da shi a Zamfara ba su da yawa. Sai dai tsarinsa ya riga ya iso aljihunmu ta cikin waya. Duk wanda ya taɓa danna *303# ya ranci katin kira ya ɗanɗana: a cire kashi 15 cikin 100 tun kafin kuɗin su shigo, kuma ranar da ka saka kati, kafin ka kira kowa kamfanin waya ya ɗauke nasa. Daga nan sai manhajojin bashi da ke turo kuɗi cikin minti biyar. Sai wayar hannu da ake saya a biya kaɗan-kaɗan, wadda ake kulle ta daga nesa ranar da aka makara. Sai rancen albashi na ƙananan bankuna, wanda ma'aikatan gwamnati suka san shi sarai. Sunayen ne suka bambanta, amma kowanne yana da rana, kuma ƙetare ranar yana da farashi.

Mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce mutum ya ci naira 100,000, kuɗin ruwa da tara suka haɗu suka zama kashi 5 cikin 100 kowane wata, kuma ana ɗora su a kan uwar kuɗin. Wata na farko naira 5,000 ce ta ƙaru, sai ya ga ai ba wani abu ba ne. Idan ya kau da kai shekara guda, bashin ya kusa naira 180,000. Bai sake karɓar ko kwabo ba. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2020, tarar da banki zai ɗora wa wanda ya makara ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da bai biya ba a wata, ban da kuɗin ruwan da ke gudana. Wannan ga masu lasisin Babban Banki ke nan. Da yawa daga manhajojin waya da kwana suke lissafa tasu tarar, shi ya sa yaro zai ci na sayen takalmin Sallah, kafin Babbar Sallah bashin ya fi ƙarfin abin da yake samu. Mafi muni, sai ya je wata manhajar ya ciwo ya toshe ta farko, gobe ya ciwo ta uku ya toshe ta biyu, har ya rasa adadin masu binsa.

Asarar kuɗi ke nan. Akwai wadda ta fi ta daɗewa, kuma ita ce mutanenmu ba su cika sani ba. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, kowane mai asusu lamba ɗaya ce da shi, ko da bankuna goma yake hulɗa. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta tsara ajiye tarihin masu cin bashi, kuma kamfanoni uku ne ke wannan aiki da lasisin Babban Banki: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu labarin wanda ya biya a kan lokaci da wanda ya saɓa, kuma kafin a ba mutum sabon rance sai an tambaye su. Bashin da ya yi kwana 90 ba a taɓa shi ba, a littafin banki ya shiga sahun waɗanda suka lalace. Saboda haka matashin da ya ci naira 10,000 a waya yana ɗalibi a Tsafe, ya cire layin ya jefar yana ganin ya sha, zai iya zuwa bayan shekaru da kyakkyawar sana'a a hannunsa yana neman jarin sayen injin niƙa, a duba a ce masa ba zai samu ba. Sau da yawa ko dalili ba za a tsaya yi masa bayani ba. Canza layi ba ya canza BVN, domin yatsunka da fuskarka aka ɗauka.

Sannan daga 1 ga Agustan 2020, Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. Takarda ce da mai karɓar rance ke sa wa hannu cikin tarin takardu, sau da yawa bai karanta ba. Ma'anarta, idan ka kasa biya, bankin da ke binka yana da ikon bin lambarka ya kwashi kuɗinsa daga duk wani asusu naka a kowane banki, ba tare da ya sake neman izininka ba. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwanta kawai za a cire ta wannan hanya, ban da tara. Amma ku duba yadda abin yake faɗowa a rayuwa. Ɗan'uwa ya turo maka kuɗin maganin mahaifiya daga Legas, saƙon shigowa ya zo, kafin ka isa wurin mai POS saƙon fita ya biyo baya. Ko kuɗin amanar jama'a ne aka ajiye a asusunka, na masallaci ko na ƙungiyar unguwa, na'ura ba ta san naka da na amana ba.

A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ba daɗi. A 2020, lokacin annobar korona, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 a karon farko don rancen magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL. Kafin nan akwai shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa. Kowa a nan ya ji abin da aka riƙa faɗa a majalisu da tashoshin mota: "Ai rabonmu ne na arzikin ƙasa." "Kuɗin gwamnati ne, wa zai tambaya?" Wasu sun sayar da takin da irin tun a bakin wurin rabo. Wasu sun ƙara aure. A farkon 2023 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka mayar na rancen manoman, Babban Banki ya musanta ya ce abin da aka biya ya kai wajen rabi. Ko da maganar Babban Bankin aka ɗauka, ɗaruruwan biliyoyi ne ba su dawo ba. Zuwa ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Wanda ya ci ya ƙi biya yana da hali, ƙaninsa da ke tasowa ya rufe wa ƙofa. Masu rancen korona kuma da yawa sun wayi gari sun ga ana zare kuɗi daga asusunsu, suna ta salati suna cewa an yi musu sata, alhali takardar da suka sa wa hannu ce ta fara aiki.

Mu a Zamfara ba mu da uzurin rashin sani a wannan babi. A nan Gusau aka ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajiye wa'adinsa da kafa shaidu take. Suna karantar da mu cewa mai hali da ke jan ƙafa wajen biya yana cikin zalunci, kuma ko gadon mamaci ba a rabawa sai an sauke bashin da ke kansa. Shi ma kuɗin ruwa mun san hukuncinsa. Amma na sha jin wata fatawa ta bakin titi, wai tunda bashin na ruwa ne, ƙin biya ba laifi. Wannan magana ba ta da tushe. Wanda yake ƙyamar riba, tun farko bai kamata ya danna ba. Idan ya riga ya karɓa, uwar kuɗin tana wuyansa, kuma kowace rana ya ƙara jinkiri, ruwan da yake cewa yana ƙi ne yake ƙara wa kansa. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tsarinsu farashin da aka yi ciniki a kai ba ya hauhawa don an makara, kuma tarar da za a ɗora wa mai taurin bashi sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Duk da haka su ma suna kai sunan wanda ya saɓa alkawari inda sauran suke kaiwa.

To, wannan ɓangare ɗaya ne. Ɗaya ɓangaren shi ne ya fi ci mini rai. Surar da ta yi umarni da rubuta bashi, ita ce kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Shari'a ta raba tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Na'ura ba ta raba su, kuma a jihar nan waɗanda suka kasa ba kaɗan ba ne. Manomi a yankin 'Yankuzo ko Bilbis ya karɓi taki da iri da niyyar biya, ya shuka, amfani ya yi kyau, 'yan bindiga suka hana shi zuwa girbi, ko suka sa wa garinsu harajin da ya cinye abin da ya noma. Wani ya sayar da shanun huɗa da babur, ya ciwo bashi ta ko'ina don ya fanso matarsa daga daji. Yau yana raɓe a kangon wani a Damba ko Tsunami da iyalinsa. Ku tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sauran yankuna suka fi haka daɗewa. Mai niyyar biya ma ba shi da hanyar turawa sai ya niƙi gari zuwa Funtuwa. Kwanakin nan duka lissafi bai tsaya ba. Haka ƙarancin takardun naira na farkon 2023, haka tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun shekarar. Malamin firamare a Bunguɗu da albashinsa ya yi jinkirin mako biyu, tarar da za a ɗora masa laifin wa ce?

Irin waɗannan mutane ne kuma wasu masu manhajojin bashi suke ci wa mutunci. Lokacin saukar da manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, ka danna amincewa don kana sauri. Ranar da ka makara, sai saƙo ya tafi wa surukinka da limamin unguwarku da shugabanka a wurin aiki, da hotonka, ana kiranka ɓarawo. An ga waɗanda aka haɗa wa sanarwar mutuwa suna raye. A garin da ake bincike kafin a ba mutum aure, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ina so masu sauraro su sani cewa doka ba ta yarda da wannan ba. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan tona asiri. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane, a watan Yuni kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Wanda aka yi wa haka ya adana saƙonnin, kada ya goge, ya kai ƙara. Ƙarar ba za ta shafe bashin ba, amma bin bashi bai ba kowa lasisin keta rigar mutuncin mutum ba.

Ga wanda ya hango wa'adi na matsowa alhali aljihu babu, shawarata ita ce ya riga ranar zuwa. Kashe waya da canza hanya don kada a bi ta gaban banki shi ne abin da ya fi cutar da mutanenmu. Bayan na'urar nan akwai mutane, kuma kafin bashi ya lalace a littafinsu suna da ikon tsawaita wa'adi ko rage abin da ake biya a wata, domin su ma sun fi son kuɗinsu su dawo a hankali da a ce sun nutse. A je a zauna da su, a rubuta buƙatar, a karɓi amsar a rubuce. Maganar baki ta ma'aikacin da gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki ba ta isa hujja ba. Wanda ya gama biya ya nemi takardar shaida, ya kuma nemi ganin tarihinsa a wurin kamfanonin nan uku, domin akan bar sunan mutum cikin masu laifi bayan ya sauke nauyi, kuma doka ta ba shi damar neman gyara. Idan banki ya cire abin da ya wuce ƙa'ida, a fara kai kuka wurinsa, in bai share hawaye ba Babban Banki yana da sashen sauraron koken jama'a, kuma yana da reshe a nan Gusau. Ku kuma iyayena da yayyena da ake zuwa a ce ku tsaya wa wane, ko ku ara wa yaro BVN ɗinku ya karɓi wani abu, ku sani ranar da ya makara sunanku ne a rubuce.

Sauran aikin na shugabanni ne. Gwamna Dauda Lawal tsohon ma'aikacin banki ne da ya kai matsayin babban darakta, ya fi kowa sanin abin da jinkirin albashi na kwana goma ke jawo wa ma'aikacin da ake cire rance daga albashinsa. Masu bashi a wuya suna cikin kaso takwas da aka ce a ba zakka, kuma Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha ta sha biya wa waɗanda bashi ya kai gaban alƙali ko gidan gyaran hali. Wannan aiki ne mai kyau, sai dai yana zuwa ne bayan mutum ya riga ya faɗi. Hakimai da dagatai a Tsafe da Bunguɗu sun san garuruwan da aka tayar da gonakin da aka hana girbewa, gida-gida suka san su. Abin da nake roƙo shi ne gwamnatin jiha ta tattara waɗannan sunaye da shaidar masarautu, ta kai wa Babban Banki da bankunan da ke bin manoman, a tsayar musu da ruwa da tara, a ɗaga musu wa'adi, kada a saka su cikin masu taurin bashi har sai sun koma gonakinsu sun ga kaka ɗaya cikin kwanciyar hankali.